Waƙar Asibi

Kwana tara da sa ranar auren Aisha Humaira takardar lauya ta iso Kafanchan. Saifuddeen, wanda za ta aura, shi ne ya kawo mata ita har makarantar da take koyarwa. Ya tsaya bakin ƙofa a kan babur, ko kashe shi bai yi ba. Tun daga nesa ta san ba lafiya, don mutum ne da ko azumi ya kai masa karo ba ka raba shi da murmushi.

Ta karɓa ta karanta sau biyu. Turancin lauyoyi ne mai murɗe-murɗe, amma abin da ke ciki bai ɓuya ba. Wai ranar bikin ƙanwarta Zahra'u, wanda Saifuddeen ya watsa kai-tsaye a shafinsa, ya saka wata waƙa mai suna "Asibi" ba tare da izinin mai haƙƙinta ba. Wai a shirya haɗuwa a kotu a Kaduna. Can ƙasa ga hatimin kamfanin da ke cewa waƙar tasa ce, ga kuma sunan mai kamfanin: Jamiluddeen Sani Jere.

Asibi kuwa sunan mahaifiyarta ne, bana shekara shida da rasuwarta.

"Jamilun da na sani?" ta tambaya.

"Akwai wani ne bayan shi?"

Babu kam. Ɗan aminin babanta ne, mai sanyin murya da tsadar turare. Shekara biyu ya yi yana zarya daga Jere zuwa ƙofar gidansu, har ranar da ta gaya masa cikin ladabi cewa zuciyarta ta riga ta yi nisa. Bai yi fushi ba. Murmushi ya yi ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, kuma tun ranar wannan murmushin yake ba ta tsoro. Sana'arsa bin tsofaffin mawaƙa ƙauye-ƙauye, ya saye waƙoƙinsu, ya yi musu rajista a intanet da sunan kamfaninsa.

Yadda abin ya faru kuwa, kowa a gidan babanta, Alhaji Yakubu Mai Citta, shaida ne.

Shekara biyar Saifuddeen na ɗaukar bukukuwa yana watsawa, daga Kagoro har Kujama, ba a taɓa kama shi da kiɗan wani ba. In mai kiɗan biki ya saki waƙar da ba shi da lasisinta, nan take yake kashe sautin ya ɗora wanda ya mallaki izininsa. Abokansa har tsiya suke masa, wai Malam Doka.

To ranar bikin Zahra'u, ana tsakiyar taro, sai ga Alhaji Yakubu da kansa riƙe da wani tsohon kaset a cikin hankici. Waƙar da aka rera ranar aurensa da Asibi ce. Wani ma'aikacin jirgin ƙasa mai kaɗa jita, Andrawus, shi ya rera ta, Alhaji kuma ya ɗauka da rediyonsa. A ranar ya tuɓe babbar rigar jikinsa ya ba mawaƙin, ya ƙara masa da keke sabo dal. A wurin mutanen kasuwar Kafanchan na da, ai magana ta ƙare ke nan: wanda aka yi wa waƙa ya yi tukwici, waƙa ta zama tasa har jikoki.

Ya ce a saka, 'yan'uwan marigayiya da ke kallo daga Fatakwal su ji.

Saifuddeen ya durƙusa, ya yi ƙasa da murya ya tambaya ko akwai wata takarda a kan waƙar. Humaira na kusa, ta ga yadda fuskar babanta ta canja.

"Takarda? Ni da waƙata? Yaro, tun ba a haife ka ba na saye ta da rigar jikina."

Wa zai ja da surukin da bai ma gama ba shi 'ya ba, a gaban jama'a? Kunya ta ci Malam Doka. Ya saka kaset.

Minti huɗu aka yi. Mata sun fara share hawaye ke nan hoton ya ɗauke, shafin ya yi baƙi ƙirin, aka rubuto cewa an dakatar saboda haƙƙin mallaka. Ranar an ɗauka sharrin na'ura ne kawai, aka ci gaba da biki. Ashe tsugune ba ta ƙare ba.

Da yamma Humaira ta sami babanta a zaure, ƙamshin busasshiyar citta ya cika wurin kamar kullum. Gwaggo Talatu, yayarsa, na gefe tana jan carbi. Labari ya riga ta isowa, don a Kafanchan magana ba ta jiran mota. A jikin bango ga buhun gishiri da tabarmi biyu da dangin Saifuddeen suka haɗo da goron sa rana, har yanzu ba a ɗauke su ba.

Ta durƙusa ta yi bayani tiryan-tiryan, ta tuna masa a hankali cewa shi ya ce a saka.

Alhaji bai musa ba. Ya ce shi tsoho ne, bai san dokar waya ba. Wanda ya sani, ya kuma san akwai rami a gaba, me ya hana shi tsayawa a kan gaskiyarsa? Namijin da kunya za ta sa ya taka doka, gobe kunyar wa za ta sa ya taka matarsa?

Wallahi maganar ta yi wa Humaira ciwo, don ta san rashin adalci ce, ta kuma san ba daga zuciyarsa ta fito ba. Tsoro ne. Wan Alhaji shekara goma sha ɗaya ya yi yana hawa matakalar kotu a kan wani fili, a kan hanyar kotun ma ya faɗi ya cika. Tun a bakin kabarinsa Alhaji ya rantse ba zai ba da 'yarsa ga mutumin da sunansa ke gaban alƙali ba.

Gwaggo Talatu ta ajiye carbi ta ɗora nata. Ta ce ita dama tun farko hankalinta bai kwanta da mai yawo da kyamara a tsakiyar matan mutane ba. Ta ce Jamilu ya bugo waya ɗazu, yaro mai tarbiyya, har kuka ya kusa yi. Wai ba shi ba ne, na'ura ce ke kamawa da kanta, lauyoyin kamfani kuma ba sa jin roƙo. Amma wai da a ce abin cikin gida ne, ai mutum ba ya ƙarar surukinsa.

"Gwaggo, ba ki ji abin da yake nufi ba?" in ji Humaira, hawaye na zubo mata. "Waƙar uwata ya riƙe yana ciniki da ni."

"Ke dai ki iya bakinki. Shekararki ashirin da takwas, ba yarinya ba ce."

Alhaji ya ɗaga hannu, duka suka yi shiru. Ya ce ba zai yi mata dole ba, bai taɓa yi wa 'ya'yansa ba. Amma rantsuwa rantsuwa ce. In aka sauko daga masallaci ranar Juma'a takardar nan ba a janye ta ba, gishiri da tabarmi za su koma inda suka fito.

Ranar Talata ce.

Washegari suka haɗu da Saifuddeen a ofishin Barista Chinenye, 'yar tsohon direban jirgin ƙasa, haifaffiyar Kafanchan da Hausa a bakinta kamar jakin Kano. Ta duba takardun ta girgiza kai. Ta ce riga da keke ba sa sayen waƙa a wurin doka, sai abin da aka rubuta aka sa hannu. Jamilu kuwa yana da takarda mai ɗauke da dangwalen yatsan Andrawus, inda tsohon ya ce shi kaɗai ya yi waƙar, kiɗa da baiti, ya kuma sallama duka.

Sai dai ta ce akwai ƙofa ɗaya. Waƙa a wurin doka ba abu ɗaya ba ce, mai kiɗa da haƙƙinsa, wanda ya tsara baitoci da nasa. In da za a sami shaidar cewa wani ne ya tsara baitocin, to takardar Jamilu ta tashi a kan ƙarya, ita kuma a yini ɗaya za ta sa lauyoyinsa su janye.

Da suka fito, Saifuddeen ya jingina da babur ya kasa hawa. Ya ce shafin nan shi ne gonarsa, an riga an rufe masa watsa kai-tsaye, bukukuwa uku sun janye. Amma duk wannan bai dame shi ba kamar buhun gishirin nan.

"Humaira, in aka dawo da shi gidanmu, ban san da wane ido zan kalli mahaifiyata ba. Ita ta zaɓo tabarmin da hannunta."

"Ba za a dawo da shi ba."

"Da na ce wa Baba a'a ranar nan."

"Da ka ce a'a, da tun ranar ya kore ka. Ka bar ni in je Zonkwa in ga tsohon."

Ta faɗa ne da ƙarfin hali kawai.

Ranar Alhamis da hantsi ta hau bas ɗin Zonkwa. Damina ta yi nisa, gonakin citta sun yi kore shar a dama da hagu, hadari kuma na ta taruwa ta gabas. Ɗan acaɓa ya kai ta wani gida mai jan kwano bayan coci. Wata mata mai ɗaurin zanen zumuntar matan coci ta fito, ta ce sunanta Edna, ita ce 'yar Baba Andrawus.

Tsohon na zaune gindin mangwaro a kujerar katako, idanunsa sun yi fari. Humaira ta durƙusa ta gaishe shi. Sai ya karkato kunne.

"Sake magana, 'yata."

Ta sake gaisuwa.

"Wannan muryan Asibi ne," ya ce a hankali. "Ubangiji mai iko. Edna, kawo mata kujera."

Ta zayyana musu komai. Edna ta tafa hannu ta ce ai su ma abin ya ci su. Bara yaron nan ya zo da buhun shinkafa da magana mai daɗi, ya ce zai adana waƙoƙin Baba kada su ɓace, ya sa shi ya dangwala yatsa. Ya zazzage akwatin Baba kaf yana neman kaset, ya tafi har da kofin na bikin Asibi, duk takardar da ya gani sai ya ɗauke ta hoto da waya. Da Kirsimeti ta ɗauki Baba yana rera waƙarsa da bakinsa ta saka a shafinta, kafin a tashi daga sujadar coci an sauke.

Humaira ta tattara ƙarfinta ta yi tambayar da ta kawo ta: shi kaɗai ya yi waƙar Asibi?

Tsohon ya ce wa Edna ta ɗauko masa akwatin ƙarfensa na reluwe, ta duba cikin littafin waƙoƙin coci, wajen tsakiya. Edna ta zaro wata takarda da aka yage daga littafin makaranta, ta yi ja don tsufa, ta miƙa wa Humaira.

Ba ta buƙaci a gaya mata ba. Wannan rubutun mai kwanciya gefe, shi ne a bayan duk hotunan gidansu. Ga baitocin nan ɗaya bayan ɗaya, waɗanda ta haddace tun tana goye:

Jirgin Jos ya yi kuka ya wuce,
Ni ina tasha, ban tafi ba.

Daɗi ya kama ta har ta kusa miƙewa. Ga shaida, ga sa hannun Asibi, har da kwanan wata. Sai idonta ya koma saman takardar. An rubuta: Zuwa ga Andrawus. Shekarar kuma 1989 ce, shekara biyu kafin auren iyayenta.

Ta ɗago ta kalli tsohon.

"Ba ni na yi waƙan ba, 'yata," in ji tsohon. "Mamanki ne ya rubuta. Ni kiɗa kawai na sa."

Ya ba ta labarin ba tare da ado ba. Asibi na kawo abincin sayarwa tasha, shi yana gyaran taragu. Suka so juna. Gidansu suka ce ba za su ba Kirista ba, nasa dangin suka ce in ya bar coci kada ya sake taka Zonkwa. Ba wanda ya yi faɗa, ba wanda ya gudu. Ta rubuto masa wannan ta yi sallama, shi ke nan. Da aka tashi aurenta da Yakubu, angon da kansa ya zo ya gayyace shi wasa, bai san komai ba. Shi kuma ya rasa abin da zai rera, sai ya rera wannan, ya ƙara baiti ɗaya a ƙarshe mai sunan ango.

"Ya cire riga ya ba ni. Na karɓa, na yi kuka a hanya. Mutumin kirki ne babanki, kuma mamanki ya riƙe shi da gaskiya har mutuwa. Shi ya sa na ce ma yaron nan ni kaɗai na yi. Na yi ƙarya don in rufe mata asiri, ban sani ba ƙaryan zai zo ya kama ɗiyanta."

Humaira na kuka, Edna na kuka. Tsohon ya lalubo hannunta ya danƙa mata takardar. Ya ce ta tafi da ita, gadonta ce. In ta kai kotu zai je ya tsaya ya faɗi gaskiya ko da ɗaukarsa za a yi. In kuma ta ƙona, bai ga laifinta ba.

A bas ɗin komawa ta rungume jaka a ƙirji kamar mai tsoron ɓarayi. Shekara shida tana ganin babanta duk Juma'a da yamma yana saka kaset ɗin nan, ya rufe ido, yana cewa Asibi ba ta iya faɗin so da baki ba, amma ga abin da ke ranta. Da wannan yake rayuwa. In Barista Chinenye ta aika wa lauyoyin Jamilu takardar, gobe kafin a sauko daga masallaci an janye ƙara, gishiri ya zauna. Amma kafin jibi duk kasuwar citta ta san wa aka rubuta wa waƙar Alhaji Yakubu.

Ta sauka ana kiran la'asar. Hadari ya rufe Dutsen Kagoro ruf, iska ta fara kaɗa rumfunan kasuwa.

Tun daga bakin layinsu ta jiyo jitar. Ba irin sautin kaset ɗinsu mai shashsheƙa ba, wannan tas yake fita kamar yau aka rera. A ƙofar zaure ga wata mota fara, ga takalma masu sheƙi an jera su a tsanake.

Ta yi sallama ta shiga. Alhaji na zaune, wata 'yar sifika a gabansa, hawaye na bin gemunsa bai ko damu da sharewa ba. Jamiluddeen na durƙushe gefe, kai a sunkuye kamar na Allah. Gwaggo Talatu sai washe baki take yi.

"Humaira, zo ki ji," in ji Alhaji. "Yaron nan ya wanke waƙar. Saurara, har muryar uwarki ana ji a baya. Shekara talatin ban ji ta haka ba."

Gwaggo ta ce har takarda ya kawo, wai ya ba Alhaji izinin saurare da sakawa a duk bikin gidan nan har abada. Maganar ƙara ce dai ya ce ta fi ƙarfinsa, tunda Saifuddeen bare ne.

Alhaji ya rage sautin ya dube ta. Ya ce an gaya masa ta je Zonkwa. Yaya tsohon? Yana nan da rai? Me ya ce?

Hannunta na kan jakar. Tana jin kaurin takardar ta cikin fata.

"Yana gaishe ka, Baba. Ya ce har yanzu yana tuna rigar."

"Allah sarki, Andrawus. Ai na gaya muku. Ya ce waƙar wa ce?"

Jamilu ya ɗago kai a karo na farko. Ba fuskarta ya kalla ba, jakar ya kalla, ya yi wannan murmushin nasa. A nan ta tuna maganar Edna, cewa duk takardar da ke akwatin sai da ya ɗauke ta hoto. Ashe ya sani. Tun kafin ya aiko da lauya ya san ƙofa ɗaya ce, ya kuma san wanda za ta taka kafin ta fita ta cikinta.

"Ya ce taka ce, Baba," ta ce.

Alhaji ya gyaɗa kai, ya lumshe ido, ya ƙara sautin.

Jamilu ya yi sallama ya tashi. Da ya zo wucewa ta gabanta ya rage murya yadda ita kaɗai za ta ji.

"Rubutun Hajiya na da kyau, Allah ya jiƙanta. In kin ba lauyarku, ki gaya mata a kotu da ƙarfi ake karanta shaida, tun daga layin farko."

Ya sa takalmansa a tsanake ya fita.

Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Humaira ta tsaya a soro na biyu, inda take hango babanta ta ƙofa yana bin baitocin da leɓɓansa. Gwaggo Talatu ta tashi ta fara janye buhun gishirin daga jikin bango, wai kada feshi ya taɓa kayan mutane, a mayar musu da shi a jiƙe.

Wayarta ta yi ƙara a cikin jaka. Ta sa hannu, sai da ta ɗaga takardar kafin ta kai ga wayar. Saifuddeen ne.

"Humaira, kin dawo? Tun azahar nake zaune a ofishin Barista, ta ce za ta jira har magariba. Kin samo wani abu?"

Muryarsa cike da fata, irin ta mutumin da bai taɓa zaton za ta yi masa ƙarya ba. Tana son sa, Allah ya sani tana son sa. Ta kalli tsohon da ke zaure, ya kai hannun riga yana share ido, an zo baitin da ke da sunansa.

"Humaira? Kina ji na?"

"Ina jin ka," ta ce, ta damƙe takardar uwarta a tafin hannu. "Ban samo komai ba."